Kujerar da Doka Ta Sa

Mahaifina bai taɓa yarda ɗansa ya tuƙa shi a mota ba. Duk mu mazan gidan shi ya koya mana tuƙi, a filin ƙwallon bayan unguwarmu a Kano, kuma duk hukunci ɗaya ya yanke mana, cewa ba mu iya ba. Yayana wai ba ya kallon madubi. Ƙanena wai hankalinsa yana wurin rediyo. Ni kuwa laifina ƙafa, wai ta cika nauyi a kan totur. Na girma, na karanta injiniyanci, na yi lasin a ƙasa biyu, amma a wurin Baba ƙafar nan ba ta rage nauyi ko kaɗan ba.

Shi direba ne tun yana saurayi. Hanyar Kano zuwa Damagaram ya fi bi. Ya fara da babbar mota, ya koma bas, da girma ya kama shi ya sayi 'yar ƙaramar mota yana kai kansa masallaci da gaisuwar rasuwa. Abu biyu yake tinƙaho da su: bai taɓa take ko akuya ba, kuma bai taɓa runtsawa a motar da wani yake ja ba. In dole ta sa ya shiga motar haya, gidan gaba yake zama ido a buɗe, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi, yana tsaki a kowace kwana. Baƙon direba yana iya jure masa, don ya ce ba shi ya haife shi ba. Tamu ce dai ba zai shiga ba.

Sai idonsa ya fara ja da baya. Hawan jinin ido, in ji likitoci. Ya daina ganin abin da ke gefe, har ran da ya gogi katangar maƙwabcinmu, katangar da ta girme ni. Yayana ya karɓe mukullin. Daga ranar Baba ya rage magana, ya daina fita, ya koma zaman zaure yana sauraren motocin da ke wucewa. Aka yi shawara a turo shi wurina Dubai ya ga babban likita.

Na je tarbarsa filin jirgi da 'yar motata, na wanke ta har da turare. Muka gaisa, na ɗauki jakarsa, muka isa inda na faka. Na buɗe masa gidan gaba. Ya tsaya.

“Wa zai ja?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Babu tasi a garin nan?”

Haka muka bar motata a filin jirgi muka hau tasi zuwa Muraqqabat, inda nake haya da wasu abokai. Washegari na koma na ɗauko ta ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci sosai. Ina da aure da 'ya'ya a Kano, ina da furfura a gemu, amma wani direban da ko sunansa ba mu sani ba ya fi ni daraja a idon ubana.

Likita bai ja magana ba. Abin da ya tafi na gani ya tafi, maganin ɗigawa zai riƙe saura, tuƙi kuwa khalas, ya ƙare ke nan. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, muka dawo ta jirgin ƙasa, muka sauka a Al Rigga, muka taka. Ina tafe a gefensa ina lissafin abin da ke gaba. Ba zai sake jan mota ba, kuma ba zai shiga ta 'ya'yansa ba. Ke nan in ya koma Kano a haka, zauren nan zai koma, ya zauna a ciki har ƙarshen kwanansa. 'Yan makonni suka rage bizarsa ta ƙare, kuma abin da nake nema kafin nan bai taka kara ya karya ba: sau ɗaya ya zauna kusa da ni in ja.

Da rana nakan kai shi Al Ras wurin wani Alhaji ɗan Damagaram mai shagon kayan ƙamshi, wanda suka saba tun zamanin tasha. Suna shan shayi suna kushe direbobin yanzu. Wata rana Alhajin ya tafi sallamar kwantena, babu inda zan bar Baba, sai na tafi da shi wurin aikina.

A gida ana cewa ni injiniya ne a Dubai, kowa yana zaton gada nake ginawa. Gaskiyar ita ce tsofaffin motocin wani attajiri nake kula da su, Balarabe ɗan ƙasa, a wani gareji mai sanyi a Al Quoz. Mafi yawansu motocin ƙawa ne. Guda ɗaya ce ta tsere, kuma ita ce ta cinye mini rabin lokacina.

An ƙera ta a Turai wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin, don tseren juriya, irin wanda ake kwana a wuni ana zagaya fili ɗaya. Ba motar sayarwa ba ce. 'Yan kaɗan aka yi, da hannu, kowace da ɗan bambancinta. Tsayinta da kyar ya kai ƙugun mutum. Ƙashinta siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, aka lulluɓe da bodi marar nauyi wanda in ka danna da babban yatsa sai ya lotsa. Injin yana bayan direba, gaf da kafaɗarsa. Tankunan mai biyu suna kwance a gefe da gefe, ƙarƙashin ƙofofi, don haka duk mai shiga sai ya tsallake tanki ya zura ƙafafu, ya kishingiɗa kamar wanda za a yi wa aski. Ƙofar ma ta ci wani yanki na rufin, don direba ya faɗa ciki da sauri, saboda a wancan zamani da gudu direbobi suke tsallaka titi su shiga motocinsu idan an ɗaga tuta.

Baba bai iya ganinta gaba ɗaya lokaci guda, sai ya bi ta da hannu. Ya faro daga hanci, ya shafa fitilu, ya bi ta saman taya, ya tsaya a ƙofa ya leƙa.

“Mutum nawa take ɗauka?”

“Ɗaya, Baba.”

“Ni makaho ne, amma ba sosai ba. Kujera biyu nake gani.”

Na yi masa bayani. Masu shirya tseren sun so a ce waɗannan motoci ne irin na kan titi, waɗanda wata rana za a iya sayar wa mutane. Sai suka kafa doka: dole a sa kujerar fasinja, dole a ɗauki safayar taya, dole a bar wurin da akwatin tafiya zai shiga. Maƙera suka bi dokar a kan takarda. Suka sa 'yar kujera kamar ta ɗan firamare, suka cusa taya a hanci, suka maƙala akwatin ƙarfe a baya, daidai saman salansa. Amma a tsere direba kaɗai ke ciki. Tun da aka ƙera motar nan, iya sanina, babu wanda ya taɓa zama a kujerar tana tafiya, kuma akwatin bai taɓa ɗaukar ko tsinke ba.

Baba ya sake leƙa 'yar kujerar. Sannan ya ce, “Daga ina zuwa ina suke tafiyar?”

“Daga nan zuwa nan. Inda aka taso nan ake dawowa.”

“Kwana da wuni?”

“Kwana da wuni.”

“Babu fasinja, babu lodi.” Ya tafa hannu. “Allah ɗaya, gari bamban.”

Na ce masa direba biyu ne, suna karɓa-karɓa. Nan ya ɗago kai. Ya ce wanda ya sauka ɗin ina yake zuwa? Na ce akwai ɗaki a bayan rumfar makanikai, can yake kwanciya. Ya ce yauwa, ashe Turawan suna da hankali, ba a cikin motar yake barcin ba.

Abin da ya fi jan hankalinsa wutsiyar ce. Hannunsa ya ci karo da wani ɗan leɓe da ya tashi sama a ƙarshen bodin, ya ce wannan ba tare aka ƙera su ba, ƙari ne. Haka ne kuwa. Da farko an yi motar santala, da doguwar wutsiya, don ta tsaga iska a miƙaƙƙen titi. Ta tsaga kuwa, amma in gudu ya kai gudu sai iska ta shiga ƙarƙashinta, ta yi sakayau, ta fara rawa daga wannan gefen titi zuwa wancan. Direbobi suka fara ƙin shiga. An canza taya, an canza sifirin, duk a banza, kafin a gane cewa iskar ce ke ɗaga ta. Aka datse wutsiyar, aka ɗaga mata wannan leɓe, aka ƙara 'yan fukafukai a hanci, iskar ta koma danna ta ƙasa. Baba ya ce ai ya san wannan rawar. Bas marar lodi a hanyar Matamaye in iska ta taso haka take yi, shi ya sa yakan sa buhun gero biyu a baya ko babu mai shi.

Ya tambaya ko ta taɓa cin gasa. Na gaya masa gaskiya. Shekararta ta farko duk 'yan'uwanta babu wadda ta kai ƙarshe a babban tseren. Shekara ta biyu ita ce a gaba har gari ya waye, sai giya ta watse. Ta ci wasu ƙananan tsere, a Turai da Amurka. Sau ɗaya ta gama babban, da fitila ɗaya da ƙofa ɗaure da waya, a bayan 'yar'uwarta wadda ta zo ta ɗaya, ita aka ɗauka a hoto. Daga nan aka canza doka aka rage girman inji, aka wayi gari ba ta da filin shiga. Kamfanin ya sayar da ita, ta yi tseren hawan dutse a hannun wasu, ta yi shekaru a rumbun wani manomi kaji suna ƙwai a cikinta, kafin maigidana ya sayo ta.

“Lafiyarta lau aka ce ta sauka?”

“Lafiya lau, Baba. Doka ce ta canza.”

Baba ya gyaɗa kai. Ya bar hannunsa a kan rufin, ya daɗe. Na san abin da na faɗa ya taɓa wani wuri.

Muna nan sai ga maigidan ya shigo. Dattijo ne shi ma, mai ciwon baya. Da ya ji mahaifina ne, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Larabcin Baba na gaisuwa ne da addu'a, don haka ni ne tafinta. Maigidan ya ce a gaya wa Baba ya shiga ya zauna a kujerar direba a ɗauke shi hoto. Baba ya ce a yi masa godiya, amma shi ba ya zama a bayan sitiyarin da ba zai ja ba. Sai ya tambaya wa ke jan ta yanzu.

Maigidan ya nuna ni. Ya ce shi bayansa ba ya barinsa shiga, kuma duk wata sai an kai ta filin tsere an zagaya da ita, in ba haka ba robobinta su bushe. Ya ce ni kaɗai ya yarda wa.

Baba ya ajiye kofin gahawa. “Wannan? Gaya masa ƙafarka nauyi gare ta. Gaya masa ni na koya maka, na sani. Amana ce, kada a cuci bawan Allah.”

Na dube shi. Ya ce, “Fassara mana.”

Na fassara. Ban rage ko kalma ba, haushi ma ya sa na ƙara gishiri. Ban taɓa jin kunya da takaici lokaci guda irin na ranar ba, ina tsaye a wurin aikina ina kai ƙarar kaina da bakina. Maigidan ya yi dariya har ya dafe bayansa. Ya ce to, ranar Asabar za a fita da ita, Baba ya zo ya gani da idonsa. Baba ya ce idon ne babu, daga nesa ba zai ga komai ba. Maigidan ya ɗan yi tunani, ya nuna 'yar kujerar nan, ya ce, “Yalla, ga wuri.”

Na tabbata Baba zai ƙi. Sai na ji ya ce, “To. Don dukiyar mutumin nan zan shiga, ba don kai ba. Kuma kujera ba a yi ta don ta zauna haka ba.”

Sauran kwanakin na yi su ina gyara kujerar. Na sa mata bel mai kyau, na matsar da tukunyar kashe gobara da ke wurin ƙafa, na nemo hular kwano daidai kansa. Ranar Asabar na riga su fita da motata, na bi tirelar da ta ɗauki motar tseren. Alhajin Damagaram ne ya kawo Baba a tasi bayan hantsi. Lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Baba ya sha babbar riga mai aiki da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Nan matsala ta farko ta taso. Babbar riga ba ta shiga motar. Ya cire ta ba musu, ya miƙa wa Alhajin, ya tsaya da 'yar ciki. Sai hula. Hular kwano ba ta hawa kan zanna, rufin ma ba zai bari ba. Ni tun da nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban mutane ba, sai a hoton aikin hajji. Alhajin ya kawar da kai, ni ma na sunkuya ina duba tayar da na riga na duba. Da na ɗago, hular tana hannunsa. Kansa ya yi ƙanƙanta fiye da yadda nake zato, gashin fari fat.

Alhajin ya miƙa hannu zai karɓa. Baba ya hana. “Ba ka ce akwai wurin kaya ba?”

Na ce, “Baba, saman salansa yake, zafi ne.”

“Fasinja da kayansa yake tafiya. Buɗe.”

Na buɗe, na naɗe hular a tawul, na sa. Muka kama shi ni da Alhajin, ya tsallake tanki, muka zura shi a hankali. Alhajin yana cewa, “Dusuma, dusuma, shwaiya,” wato sannu-sannu, Baba yana cewa shi ba buhu ba ne. Na ɗaure masa bel, na rufe ƙofar a saman kansa, na zagaya na shiga. Kafaɗarmu tana gugar juna. Na ji yana karanta addu'ar hawa abin hawa, ni ma na bi shi.

An riga an ɗumama baƙin mai, don injin ba ya son a tashe shi da sanyi. Na kunna. Wanda bai taɓa zama cikin irin motar nan ba ba zai gane ƙarar ba. Ba a kunne take tsayawa ba, har haƙora take shiga. Ko Baba ya yi tsaki, ko ya ce wani abu, babu yadda za a yi in ji. Karo na farko a rayuwata ina riƙe da sitiyari yana kusa da ni, kuma bakinsa ba ya iso ni.

Na fita a hankali. Kulocinta tauri gare shi, sandar giya tana hannun dama a jikin ƙofa, kuma ba ta yafe kuskure.  A zagayen farko ina ganin ƙafarsa da wutsiyar ido, tana taka birkin nan nasa kafin kowace kwana. Na ci gaba da abin da na saba, ina jiran taya da mai su yi zafi. Can na lura ƙafar ta daina motsi. Ya ɗan karkatar da kai baya, wajen injin, kamar mai sauraren magana ta bayan ƙofa.

Muka fito daga kwanar ƙarshe muka fuskanci miƙaƙƙen titin. Sai na ga hannunsa ya taso. Ya buga jikin motar sau biyu, irin bugun da ake yi wa direba a tasha in lodi ya cika, sannan ya nuna gaba. Na ɗauka kuskure na gani. Ya sake bugawa.

Na taka. Ban kai ta inda take iya kaiwa ba, ba ni da wannan zuciyar kuma ubana ne a ciki, amma na ba ta fiye da yadda na taɓa ba ta. Ta danna mu cikin kujera, ta kwanta a kan kwalta, leɓen nan na baya yana aikinsa, ko gezau ba ta yi. Idona ya kawo ruwa a cikin hular kwano, kuma babu hannun gogewa.

Da muka tsaya na kashe inji, kunnuwana suna ta ƙugi. Aka buɗe ƙofa, aka zaro Baba. Ya dafa Alhajin. Maigidan ya matso yana tambaya da hannu, yaya? Baba ya ce, “Gaya masa ƙafarka har yanzu da nauyi.” Ya numfasa. “Amma ita wannan haka take so. Ya bar maka ita.”

Na fassara rabin farko, na tsaya a nan. Maigidan ya ce ya gane.

Na buɗe akwatin baya na ciro hular. Ta yi zafi kamar burodin da aka fitar yanzu, tana warin mai. Baba ya taɓa ta ya ce a bari ta huce. Ya mai da babbar rigarsa, ya riƙe hular a hannu. Alhajin ya ciro waya zai kira tasi.

Baba ya ce, “Bar shi, Alhaji. Ina yaron nan ya ajiye tasa motar?”

Na nuna. Ya taka da kansa, ya laluba hannun ƙofar gidan gaba, ya buɗe, ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa. Alhajin ya shiga baya. Na tayar, na hau babban titi, na kama layin dama ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina jiran tsaki. Muka wuce kwana ta farko, muka wuce gada, shiru. Alhajin ya fara ba da labarin kwantenarsa, sai ya katse, ya taɓa kafaɗata ya nuna mini gefe.

Kan Baba ya jingina da gilas, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa a kan hular. Barci yake yi.

Da muka iso Muraqqabat ban tsaya ba. Na wuce ƙofar gidanmu, na rage sanyin mota, na sake hawa titi.